Yadda ake neman kuɗin canza kontrolar keken guragu na lantarki daga inshora a Amurka

Assalamu alaikum jama'a. Tun da na faɗa cewa aikina cike takardun neman biya ne a wani kamfanin kayan marasa lafiya a nan New York, saƙonni suka yi ta shigowa, wasu daga 'yan uwa da suka samu irin aikin nan kwanan nan kilem ɗinsu, wato takardar neman biyan da suke tura wa inshora, na ta dawowa, wasu kuma masu kula da tsoho ne a gida keke ya mutu an ce musu kontrola ce, wato akwatin lantarkin da ke tafiyar da keken, su kuma ba su san ta inda za su fara ba. To bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya samu. Zan bi tsarin Medicare ne, wato inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka ta tsofaffi da naƙasassu, don yawancin sauran inshorori daga nan suke kwafa sai su ƙara nasu sharaɗin. Abin da na lura da shi a aikin nan shi ne kilem ɗin da ake mayarwa yawanci tun kafin a taɓa kwamfuta aka ɓata shi, wato ba a tantance me ya lalace ba, ba a kuma tantance keken na waye ba. Kuma duk ranar da muka ɓata muna gyara takarda akwai bawan Allah kwance a gado bai iya zuwa ko banɗaki da kansa, wannan ne ma ya sa nake da zafi a kan maganar.

1. Fara da sanin keken na waye

Kafin ka kira teknishan ma, duba wannan. Keken lantarki na yau da kullum, irin su mai lamba K0823 a jerin lambobin kaya na Medicare da aka fi gani, haya Medicare ke biya wata 13, bayan nan sai keken ya zama mallakar mara lafiyar. Muddin ana cikin watannin hayar to gyara na kan kamfanin da ya ba da hayar, ba a tura wa Medicare kilem ɗin gyara kwata-kwata, ko an tura ma ba za ta biya ba. Manyan kekuna na masu larura mai tsanani, rukuni na uku wato daga K0848 zuwa K0864, su ana iya saye kai tsaye tun watan farko, shi ya sa za ka ga keke mai wata shida amma tuni na mai shi ne.

Shiga shafin kamfanin da ke kula da kilem na yankin ka duba tarihin keken. Yankuna huɗu ne, Noridian ke riƙe da A da D, CGS ke riƙe da B da C. New York da Maryland suna A, Ohio na B, Georgia da Texas suna C. Hattara a nan: adireshin dindindin na mara lafiyar da ke rajistar gwamnati shi ke nuna inda kilem zai tafi, ba inda shagonku yake ba. Mutanenmu na yawan ƙaura, baba yana Bronx bara, bana ya koma wajen 'yarsa a Columbus amma ba a canza adireshi ba, sai kilem ya yi ta yawo.

A wannan dubawar ka tabbatar da abu biyu kuma. Na ɗaya ko Medicare ta asali yake da ita ko kuwa ya koma Medicare Advantage, wato tsarin da kamfanin inshora mai zaman kansa ke gudanarwa a madadinta, don da yawa an canza musu tsari a waya ba su ma sani ba, tsohon katin mai ja da fari da shuɗi suke nuna maka. In Advantage ce to kamfanin inshorar za ka nema, sau da yawa sai an samu izininsu kafin a yi gyaran, kuma sai in kuna cikin jerin kamfanonin da suke hulɗa da su. Na biyu ko yana kwance a asibiti ko gidan jinya a ranar da za a yi aikin, in yana can a ƙarƙashin sashen A na Medicare, wato mai biyan kuɗin kwanciya asibiti, to kilem ɗinka zai faɗi.

2. Waranti da shekarun keken

Wannan gajere ne amma ana mantawa. In kontrolar na ƙarƙashin warantin kamfanin da ya ƙera ta, ba a cajin Medicare kuɗinta. Ɗauki lambar sirial ta keken ka kira masu ƙerawa, ka rubuta ranar da ka kira da abin da suka ce ka ajiye a fayil. Sannan ka duba shekaru, Medicare na ɗaukar shekara 5 a matsayin rayuwar keke, in ya haura haka kuma ya ragargaje to wataƙila maganar sabon keke ya kamata a yi da likita, don ba ta biyan gyaran da kuɗinsa ya wuce na samo wani keken.

3. A gano takamaiman abin da ya mutu

Nan ne ake yawan tafka kuskure, don haka zan daɗe a kai. Mutane na kiran sandar da ake tuƙi da ita a hannu kontrola, amma a wajen masu biyan kuɗi abu biyu ne daban. Sandar hannun ita ce joistik. Kontrola kuma akwatin lantarkin ne da ke karɓar umarni daga joistik ya aika wuta ga motoci, galibi tana ƙasan kujera kusa da batir. Akwai kuma waɗanda aka haɗe su biyun cikin akwati ɗaya a kan hannun kujera, irin VSI. Kowanne da lambarsa da kuɗinsa, in ka tura lambar kontrola alhali joistik aka canza to ka karɓi kuɗin abin da ba ka bayar ba, ranar da aka zo bincike sai an karɓe, kuma ba a nan maganar ke tsayawa ba.

Teknishan ya fara da batir. Kekunan nan batir biyu ne masu bolt 12 da ke ba da 24, in sun yi sanyi ko waya ta saki ko ta yi tsatsa keken zai yi ta tsayawa kamar kontrola ce ta lalace. Sai ya karanta ƙyaftawar fitilun da ke kan joistik, misali a tsarin VR2 fitila bakwai na nuna matsalar joistik, takwas na nuna matsalar kontrola, tara kuma birki ne, shida kuwa yawanci caja ce aka bari a jone keken ya ƙi motsi, wallahi an sha kiranmu a kan wannan. Hanya mafi tabbas ita ce ya jona joistik mai lafiya da ya zo da ita ya gani, in keken ya tashi shi ke nan an san inda ciwon yake.

Duk abin da ya gani ya rubuta, kuma kar ka yarda da takardar da ta ce "kontrola ta lalace, an canza" kawai. Dole ta nuna ƙorafin mai keken, gwajin da aka yi, lambar matsalar da ta fito, dalilin da ya sa gyara ba zai yiwu ba sai canji, sunan kamfanin da ya ƙera, lambar kayan da aka cire da wanda za a saka, da mintocin da aikin ya ci. In ruwan sama ne ko dusar ƙanƙara ta shiga a rubuta haka da ranar da abin ya faru. Hoto ma na taimakawa sosai, ni nakan ce su ɗauki hoton takardar da ke manne a jikin akwatin kafin su cire.

4. Takardar likita

Ga gyara zalla, wato a cire abin da ya lalace a mayar da irinsa, Medicare ba ta neman sabon umarnin likita. Amma tana neman shaidar cewa har yanzu mutumin na buƙatar keken, kuma shaidar ta fito daga bayanan likitansa cikin wata 12 kafin ranar gyaran. Masu kula da tsofaffi ku ji wannan da kyau, duk lokacin da kuka kai baba ko inna ganin likita ku roƙe shi ya rubuta a bayaninsa cewa tana amfani da keken lantarki a cikin gida kuma tana buƙatarsa, layi ɗaya ne amma rashinsa kan tsayar da gyara sati biyu ana jiran a samu ranar ganin likita.

In ba Medicare ce ta sayi keken tun farko ba, misali wata inshorar ce ko kuwa 'yan uwa ne suka haɗa kuɗi, to sai an kawo bayanan da ke nuna cewa ya cika sharuɗɗan samun keken lantarki, tare da ranar saye da samfurin keken.

Labari ya canza in jikin mutumin ne ya canza. A ce hannun ya daina iya riƙe joistik, ana so a koma tuƙi da kai ko da haɓa ko da busa iska. Wannan ya wuce gyara, sai likita ya rubuta umarni, kuma tun 1 ga Janairun 2020 umarnin na ɗauke da sunan mara lafiya ko lambarsa ta Medicare, kwanan wata, bayanin kayan, adadi in ya kama, sunan likita ko lambar shaidarsa ta aiki wato NPI, da sa hannunsa. Sannan a samu bayanin mai gashin ƙashi ko ƙwararren da ya gwada shi da sabon tsarin. Tsohon fom ɗin CMN, wato takardar shaidar larura da likita ke cikewa, kuma an daina karɓarsa tun farkon 2023, kar ka ɓata lokaci kana nema.

5. Zaɓen lamba

Ga su nan, kuma ka karanta a hankali don lambobin sun yi kama da juna kamar 'yan biyu. E2374 ta joistik ce ta yau da kullum wadda ke rabe da kontrola, canji kawai, babu kontrola a cikinta. E2375 ta kontrola ce wadda ba a iya faɗaɗawa. E2376 ta kontrola ce mai faɗaɗuwa, ita ma canji. Sai E2377, ita ma mai faɗaɗuwa ce amma ta ranar da aka ba da keken sabo ce kaɗai, ba ta da hurumi a kilem ɗin gyara.

Ni kaina na taɓa saka E2377 a maimakon E2376 lokacin ina sabon shiga, kilem ya dawo, shugabana ya ce ba za a sake yin odar komai a kan fayil ɗin ba sai an warware, wani dattijo ya yi kwanaki yana jiran sauran aikin kekensa saboda lamba ɗaya da na kuskure. Har yau in na zo wajen nan sai na duba sau biyu.

To yaya za ka san mai faɗaɗuwa? Wadda ba ta faɗaɗuwa joistik ta yau da kullum kawai take ɗauka, kuma iyakarta ta sarrafa injinan kujera biyu, wato masu ɗaga kujerar ko kwantar da ita, VR2 da Shark na cikin wannan sahun. Mai faɗaɗuwa tana karɓar wasu hanyoyin tuƙi kamar ƙaramar joistik, tuƙi da kai, busa iska, tana iya sarrafa injinan kujera uku ko fiye, wasu har da allo na daban, R-net da Q-Logic su ne misalan da za ka fi gani. Kar ka yi hasashe daga tsadar kayan. Akwai ofishin da aka ɗora wa tantance lambobi, PDAC, suna da rumbun bincike a intanet mai suna DMECS kuma suna amsa waya, musamman in abin da ke hannunka irin haɗaɗɗen akwatin nan ne na joistik da kontrola wuri ɗaya, tambaye su kafin ka tura, ka rubuta ranar da amsar da suka ba ka.

Wayoyin kontrola mai faɗaɗuwa lambarsu E2313, ana iya cajinta tare da E2376 in an canza tsarin gaba ɗaya har da wayoyin. In kuwa waya ɗaya ce ko wani ɗan ɓangare na wayoyin aka canza, K0108 ake sakawa. Gargaɗi a kan K0108: lamba ce ta kayan da ba su da lambar kansu, wasu na jefa komai a cikinta don suna ganin za a biya su farashin da suka rubuta, to in abin na da lambarsa aka sa shi a K0108 ƙin biya za a yi. Haka E2310 da E2311, waɗanda ke haɗa kontrola da injin kujera ɗaya ko biyu zuwa sama, ba a saka su don kawai keken na da kujera mai kwantawa, sai in su ma an canza su da gaske kuma takardar teknishan ta nuna.

6. Haruffan da ake liƙawa a bayan lamba

Su ake kira modifaya. RB na nufin an canza wani ɓangare na kayan da mutum ya mallaka a cikin gyara, ita ce taka a nan. Kar ka rikita ta da RA, wadda ke nufin an canza keken dungurungum. NU na nuna sabon kaya ne aka saya, kuma kayan gyara masu RB dunƙule ake biyansu sau ɗaya ba haya ba. KX kuma kana shaida ne cewa sharuɗɗa sun cika kuma takardun na cikin fayil ɗinka, don haka layin zai zama kamar E2375 NU RB KX. Dokar kayan keke, wato L33792 da bayaninta A52504, ta ce layin da ba shi da KX ko GA ko GY ko GZ (ukun ƙarshen na nuna ba a sa ran Medicare za ta biya) mayar da shi ake yi. Amma don Allah kar ka liƙa KX alhali bayanin likita bai iso ba da nufin ai zai zo, sa hannu ne kake yi a kan abin da ba ka gani ba.

KC ta musamman ce, wuri biyu ake amfani da ita: in jikin mutum ya canza aka cire haɗaɗɗen akwatin joistik da kontrola aka saka wata hanyar tuƙi, ko kuwa dama hanyar tuƙi ta musamman yake da ita kuma ita da kontrolar duka suka lalace ba gyara. In ka sa KC ba sai ka ƙara RB ba.

In kana ganin Medicare ba za ta biya ba, sai ka ba mutumin fom ɗin ABN, wato sanarwar cewa kuɗin na iya hawa kansa, ya karanta ya sa hannu kafin a yi aikin, sannan ka sa GA. Bayan an gama aiki ba a kawo ABN, ba ta da amfani a lokacin. Kuma in dattijon ba ya jin Turanci a zauna a fassara masa, ya san kuɗin da zai iya hawa kansa.

7. Kuɗin aiki da keken aro

Ladan teknishan K0739 ne, kowane minti 15 ɗaya ake ƙirgawa. Ga canjin joistik guda 2 aka ƙayyade, wato rabin awa, kuma saita ta da kwamfuta na ciki, ba a cajinsa daban. Lokacin tuƙi zuwa gidan mutum, ɗauko keke da mayarwa, neman wurin fakin, duk ba a biya, na san masu shiga cunkoson Cross Bronx ba za su ji daɗin wannan ba amma haka dokar take. Ga kontrola ka rubuta ainihin mintocin da aka yi, su dace da takardar aiki.

In gyaran zai wuce kwana ɗaya, misali ana jiran kaya daga kamfani, ku ba shi keken aro ku caji K0462, iyakarsa wata ɗaya. Sai ka bayyana wane keke ake gyarawa, wanne aka ba shi aro, me ya lalace, me ya sa aka daɗe. Kamfanoni da yawa ba sa ba da aron don suna ganin wahala ce, ni kuwa ina ganin barin mutum ba keke sati uku alhali ga lambar da za a biya ku bai dace ba. Iyalai ku tambaya, kuna da damar tambaya.

8. Cike kilem da turawa

Ranar da aka saka kayan aka miƙa keken ita ce ranar aiki, ba ranar da aka yi oda ba. Wurin aiki 12 ne in gida ne. Mai keken ko wakilinsa ya sa hannu a takardar karɓa, ma'aikacin kamfaninku ba ya sa hannu a madadinsa ko da kuwa shi ya kai. Kayan da ladan aiki da keken aro su tafi a kilem ɗaya.

Akwai gurbin bayani, a kilem na intanet sunansa NTE, a fom ɗin takarda CMS-1500 kuma akwati na 19. Na intanet ɗin harafi 80 kacal yake ɗauka don haka sai an taƙaita: lambar keken da ake gyarawa, cewa mallakar mara lafiya ne, ranar saye, abin da aka canza. In akwai K0108 dole a sa sunan kayan, kamfanin da ya ƙera, lambar samfuri da farashinku. Shekara ɗaya kake da ita daga ranar aiki ka tura, takardun kuma a ajiye su shekara 7.

9. Nawa mutum zai biya daga aljihunsa

Medicare na da jadawalin farashinta, yana bambanta daga jiha zuwa jiha kuma ana sabunta shi, don haka ka duba na ranar aikin a DMECS. Daga abin da ta amince da shi kashi 80 take biya bayan mutum ya cika kuɗin farko na shekara, wanda a 2025 dala 257 ne. A ce misali an amince da dala 800 kuma ya riga ya cika na shekara, to dala 160 ce a kansa. In yana da Medicaid, wato inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, ko wata inshora ta biyu ita ke ɗauka. In kuma yana cikin shirin QMB, wanda ke ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kasonsu na Medicare, haramun ne a doka a nemi wannan kason a hannunsa, na ga tsofaffinmu da suka biya don kunya da gudun rigima, in takardar neman kuɗi ta zo muku ku fara dubawa kafin ku biya. Medicaid ita kaɗai kuma kowace jiha da tsarinta, wasu sai an nemi izini kafin a taɓa keken.

10. In kilem ya dawo

Karanta lambar dalilin tukuna kafin ka sake turawa, don sake tura abu ɗaya ba gyara CO-18 zai jawo maka, wato maimaici. CO-16 bayani ne ya yi ƙaranci, CO-4 modifaya ce ba ta dace ba, waɗannan gyarawa ake yi a sake turawa. CO-24 na nufin mutumin na Advantage ne, ka koma mataki na farko. CO-29 lokaci ya wuce. CO-50 kuwa cewa suka yi ba su ga larurar ba, wannan sai ɗaukaka ƙara, kana da kwana 120 daga samun hukuncin, in an sake ƙi kana da kwana 180 zuwa mataki na biyu. Ka haɗa takardar teknishan, bayanin likita na cikin wata 12, shaidar waranti ya ƙare, takardar karɓa da hotunan, ka sa gajeriyar wasiƙa a sama da ke nuna shafin da kowane abu yake. In kuma kuskuren rubutu ne kawai, kamar kwanan wata ko adadi, ba sai ka shiga layin ƙara ba, ka nemi a sake buɗe kilem ɗin ta shafin Noridian ko na CGS wato myCGS, ya fi sauri nesa ba kusa ba.